Fatar Bajimin Fadamar Haɗiye

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa ba tabarma, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ba kowane mai rai baki da abin da zai sa a ciki. Ku gyara zama, manya a gaba, yara a gefe, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ni ne Ƙosau ɗan Nomau, makaɗin kalangu, jikan makaɗa, mutumin Kwarin Maje. Abin da zan faɗa muku ba a inuwa na tsince shi ba, da ƙafata na taka shi.

Tun ina saurayi burina ɗaya ne, in ɗaura gangar da in an buga ta a garinmu za a ji ta a bayan duwatsu. Na gwada fatar akuya, ta yi mini kukan jariri. Na gwada ta maraƙi, ta yi muryar mai mura. Ana nan sai wani falke ya sauka a zaurenmu, ya ce can gabas, kusa da inda rana ke wanke fuska, akwai shanun da tozonsu ya kai rumbu, mata na shanya a ƙahonsu, fatar ɗaya kuwa in ta zama ganga, har kifi a ruwa sai ya taka rawa. Ban bari ya gama shan furarsa ba na fara ɗaure kaya. Mahaifiyata ta zuba mini dakuwa a jaka, ta ce, "Ƙosau, mai tafiya neman fata ya tabbata ya dawo da tasa." Na rataya kalanguna na kama hanya.

Na ratsa dazuzzuka, na haye koguna, har na iso wani birni da ake kira Lallaɓa. Sarkin wannan birni yana fama da ciwon kai tun ranar da aka naɗa masa rawani, saboda haka aka hana kowace irin ƙara. Mata na daka a turmin da aka lulluɓe da auduga, zakaru an ɗaure musu baki da zare, a kasuwa kuma da raɗa ake ciniki. Makaɗi kuwa in an kama shi, ɗinke shi ake yi a buhun audugar rimi a jingine a rana. Ban san da wannan ba sai da mai tsaron ƙofa ya zaro kalanguna daga ƙarƙashin riga.

Ya matso da bakinsa kunnena, ya ce, "Baƙo, mene ne wannan?"

Na hangi buhuna biyu a jingine da ganuwa suna motsi. Na ce a hankali, "Matashin kai ne, ranka ya daɗe. Ka ga tsakiyarsa a tsuke? Nan wuya ke zama."

"Wannan lanƙwasasshiyar sandar fa?"

"Ta sosa baya ce."

Ya zura ta a wuyan rigarsa ya gwada. Sai na ga ya lumshe ido, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar kare ana sosa masa ciki. Da ƙyar ya maido mini da ita, ya ce in wuce. Na ratsa garin da sanɗa har na kusa ƙofar gabas, sai wata goruba ta faɗo daga sama, ba ta sauka ko'ina ba sai a fuskar kalanguna. Ƙam! Garin nan kaf ya zabura. Na cika wandona da iska. Da na waiga sai na ga dogarai sun biyo ni a kan yatsun ƙafa, don gudu ma ƙara ce a wurinsu, suna ta raɗa, "Ku kama shi, ku kama shi." Har na ɓace musu ba wanda ya ji.

Bayan wannan na shiga ƙasar da fari ya daɗe yana ci, sai ga shi ruwa ya sauka kwanan nan. A tsakiyarta na tarar da wata fadama, ciyawa kore shar har gwiwa, amma babu ko akuya ɗaya da ke kiwo a ciki. A bakin fadamar kuwa ga bajimi a kwance. Wallahi falken nan bai yi ƙarya ba, tozonsa ya fi ni tsawo. Ba rauni a jikinsa, ba alamar zaki ko kura. Cikinsa ya kumbura tim, baƙin jini na tsiyaya daga hancinsa da bakinsa kamar an narka kwalli, ya ƙi daskarewa. Na ɗaga ƙafarsa, ta sauko laƙwas, ba ta sandare ba.

"Sannu da zuwa, jikana," in ji wata murya daga sama.

Na ɗaga kai, sai ga wata tsohuwar ungulu a reshen busasshiyar bishiya, kanta tal kamar ƙwarya. Na ce, "Kaka, ashe ungulayen ƙasar nan suna magana?"

"Ko'ina muna magana, ba a dai tambayarmu ne. Sunana Maisanƙo. Na ga wuƙa a ƙugunka, na ga idonka a kan fata. Ni kuwa bakina ya tsufa, ba ya huda irin wannan kauri. Ka ɗauki riga, ka bar mini mai rigar."

Na ce, "Me ya kashe shi?"

"Ƙoshi," in ji ta. "Na wasu fatake ne baƙi. Ya ci ciyawa ya yi murna, murna ta yi masa yawa."

"Ba wata cuta?"

Ta miƙe wuya. "Jikana, tun zamanin kakata muke cin abin da ya faɗi a fadamar nan. Dube ni. Ka ga alamar ciwo?"

Na dube ta, ban da sanƙo ban ga komai ba. Na naɗe hannun riga na shiga fiɗa. Ina cikin yi, bakin wuƙa ya ɗan karce ni a damtse, ban ko kula ba. Da na buɗe cikin na ga saifarsa ta kumbura ta yi baƙi, ta kai girman ɗan tunkiya. Maisanƙo ta yi kira ɗaya, sama ta yi duhu da danginta. Na naɗe fatar, na ɗora a ka, na yi gaba ina waƙa. Ta bi ni da murya, bakinta cike, "Af, na manta ban faɗa maka ba. Mu cikinmu wuta ce, ƙashi ma narkewa yake. Naku ban sani ba."

Na ɗauka zolayar kaka da jika ce.

Ban yi nisa da kwanaki ba wurin karcen nan ya soma ƙaiƙayi, ya yi ƙurji, ƙurjin ya yi ruwa ya fashe, sai tsakiyarsa ta koma baƙa ƙirin kamar an manna mini gawayi. Damtsen ya kumbura har ya cika hannun riga. Abin mamaki, ba zafi ko kaɗan, sai dai zazzaɓi da ke lallaɓo ni. A haka na hango wata ruga a kan tudu, na nufe ta ina tangaɗi. Kafin in kai, wata dattijuwa doguwa ta fito da sanda mai tsawon gora, ta tokare ni a ƙirji.

"Tsaya nan! Ina ka samo abin da ke kanka?"

Na ce, "Inna, ko sannu babu? A wata fadama na samo, can baya."

"Fadamar Haɗiye!" Ta juya ta daka wa mutanenta tsawa su kore shanu zuwa bayan tudu. "Sauke shi a hankali, kada ka kakkaɓe. Nuna mini hannunka."

Da ta ga baƙin tabon sai ta girgiza kai. Sunanta Daso, ita ce shugabar makiyayan tudun. Ta ce, "Wa ya ce ka feɗe shi?"

"Wata ungulu."

"Ka nemi shawarar ungulu a kan mushe? Da ka ga kura ma sai ka ba ta ajiyar akuya." Matan rugar suka fashe da dariya daga nesa. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ciwon saifa ke nan, ɗan nan. Garken mahaifina ya shiga fadamar nan da safe, kafin la'asar rabinsa na ƙasa. Irin cutar yana kwance a cikin turɓaya, ya fi mutum tsawon rai. In fari ya yi tsanani ruwa ya biyo baya, sai ya taso ya hau ciyawa. Wanda ya taɓa fata ko jini, ya kama shi a fata, kamar kai. Wanda ya ci naman, ya kama shi a hanji. Wanda ya shaƙi ƙurar busasshiyar fatar, wannan sai dai a fara haƙa. Da ka ɗaura gangar nan, duk bugu ɗaya sai ta tofa wa masu rawa ajali."

Na ce, "Inna, ba za a iya wanke ta ba? Na sha wuya kafin in same ta."

"Za a wanke ta," in ji Daso. "Da wuta."

Aka haƙa rami mai zurfi, aka tura fatar da sanduna, aka tula itace aka cinna. Rigata da wandona da hulata duk suka bi ta. Kalanguna ya tsira don a jaka yake, bai taɓa fatar ba. Aka ba ni zanen wata tsohuwa na ɗaura, na tsaya ina kallon burina yana hayaƙi, ina hawaye, yara na leƙe suna cewa ga amarya mai gemu.

Mutanen Daso suna da abin al'ajabi. Akwai wata funfuna da suke reno a cikin ƙoƙuna kamar yadda ake renon 'yan tsaki, daga gare ta suke tace wani magani. Shi aka riƙa ɗura mini safe da yamma, ɗacinsa kuwa ya sa na tuna duk zunuban dangina. Shanunsu kuma kowace shekara kafin damina sai a tsira musu ƙayar beguwa da aka tsoma a wani ruwa, cutar ta gan su ta kauce. Sannu a hankali kumburin ya saɓe, zazzaɓi ya sake ni.

Ina cikin murmurewa, wata safiya Daso ta dawo daga hanya ranta a ɓace. A gindin tudun akwai babban birni da ake kira Tukuba, mutanensa ba abin da suke so a duniya kamar nama, har gaisuwarsu ita ce, "Ina romo?" Ta ce sauran shanun fataken nan sun soma faɗuwa, masu su sun gudu sun bar su. Sarkin Pawan birnin, wani mai suna Tunau, ya aika yaransa sun bi suna sa wa masu shure-shure wuƙa, sun kwaso naman a raƙuma. Gobe zai yi wa gari walimar tsire don a yabe shi.

Na ce, "Ba ki gaya musu ba?"

"Na je. Ya sa an rufe mini ƙofa, wai makiyaya baƙin ciki suke don an sami naman da ba nasu ba. Akwai yara a garin nan, Ƙosau. Akwai masu ciki." Ta zauna a kan turmi, karo na farko da na ga sandarta a ƙasa. "Har makaɗin Tunau yana cikin masu ɗauko naman, yanzu yana kwance. Ana ta cigiyar wanda zai yi kiɗan kiran mutane."

Na ce, "Inna, a ara mini riga."

Kun dai san kalangu ganga ce mai baki, kuma kowane mai cin nama ya san harshenta, don da ita mahauta ke shelar an yi yanka. Da hantsi na isa ƙofar Tukuba ina ɗan taɓa kiɗa, nan da nan aka kai ni gaban Tunau. Ƙato ne mai wuya uku, ya sha babbar riga, hannunsa na dama a cikin aljihu. Na faɗi na yi gaisuwa.

Ya ce, "Kai baƙo, ka iya kirari?"

"Ranka ya daɗe, da shi aka yaye ni."

Na gwada shi tukuna. Na sa kalangu ya ce, "Tunau, Tunau, bijimin sa." Ya yi murmushi. Na sa ya ce, "Tunau, Tunau, tumbin jaki." Ya ƙara faɗaɗa murmushi, har da gyaɗa kai. Nan na gane mutumin nan ba ya jin komai a kiɗa sai sunansa.

Aka kai ni dandali. Tukubu sun yi layi, wuta na ci, tsire na ɗigar kitse, ƙamshin ƙuli da yaji ya cika gari, ni kaina sai da na haɗiyi yawu. Na hau kan wani turmi, na matse kalangu a hammata. Da baki na ce, "Jama'a ku fito, Sarkin Pawa ya yi yanka!" Da kalangu kuwa na ce:

"Tunau, Tunau, naman Haɗiye.
Tunau, Tunau, saifa ce.
Mai ɗa ya riƙe ɗansa,
Tunau, Tunau, kar ku ci."

Mutane suka fito da akussa da ƙore, suna gudu. Da suka kusa sai na ga tafiyarsu ta ragu. Wata mata ta fizgo ɗanta ta mayar bayanta. Wani tsoho ya karkata kunne, ya kife akushinsa a ka. Dandali ya cika maƙil, amma ba wanda ya matsa kusa da wuta. Shi kuwa Tunau yana tsakiya yana juyi, yana taka rawa, duk inda sunansa ya fito sai ya ɗaga hannun hagu.

Can ya lura. Ya ce, "Me kuke jira? Ku ci mana!"

Tsohon nan mai akushi a ka ya ce, "Sarkin Pawa, kalangu ya ce naman Fadamar Haɗiye ne."

Tunau ya juyo kaina, idonsa ja. "Ku kama mini shi! Ɗan leƙen asirin makiyaya ne!"

Yaransa suka yo kaina. Na zame hannun rigata, na ɗaga damtsena sama, baƙin tabon nan yana kallon kowa. Na ce, "Bismillah, wa zai fara taɓawa? Fatar kawai na ɗauka, ban ko ɗanɗana naman ba." Suka ja birki kamar sun ga kumurci, har na baya ya hau na gaba.

Tunau ya ce ƙarya ne, namansa lafiyayye ne, kuma wuta ta gasa shi. Matar nan mai ɗa ta ce, "To ranka ya daɗe, mai gida shi ke buɗe akushi. Fara ci mu gani."

Gari ya ɗauka, "Fara ci! Fara ci!"

Ya zari tsinke ɗaya da hannun hagu. Ya kai shi baki, ya tsaya. Ya dube shi, gefe ya ƙone, tsakiya da sauran ja. Gumi ya karyo masa. Ana cikin haka sai inuwa ta gifta, Maisanƙo ta sauka a kan rumfa da danginta, ta ce, "In ba ka ci, miƙo nan. Mu mun san daɗinsa, mun ci ɗan'uwansa." Da ta gan ni ta ce, "A'a, jikana, kana nan da rai? Madalla."

Ba wanda ya ƙara neman wata shaida. A lokacin ne Daso ta ratso taron, don masu tsaron ƙofa ma sun baro ƙofa sun zo cin tsire. Ta tsaya gaban Tunau, ta nuna aljihunsa da sanda. "Fito da hannun nan."

Ya yi kamar bai ji ba. Ta sake faɗa, a hankali. Ya zaro shi. Ya kumbura kamar gora, ga baƙin tabo a bayansa, ya fi nawa girma. Tsinken tsire ya faɗi daga ɗaya hannun. Ƙaton nan ya durƙusa, ya ce, "Inna Daso, mutuwa zan yi?"

"Za ka yi, amma ba lallai yau ba," in ji ta. "Tashi ka tara mini duk wanda ya taɓa naman nan, har da makaɗinka. Sannan a kawo itace."

Ranar nan Birnin Tukuba ya yi gashin da bai taɓa yi ba. Aka haƙa rami, aka zuba nama da tukubu da wuƙaƙe da tabarmi, aka ƙone su ƙurmus, aka binne da zurfi, mutane na tsaye suna kuka, wasu don tsoro, wasu don ƙamshi. Maisanƙo ta zagaya sama tana tsine mana, ta ce ba ta taɓa ganin almubazzarai irinmu ba. Aka kewaye Fadamar Haɗiye da ƙaya. Makaɗin Tunau, Allah ya jiƙansa, magani bai riske shi ba, don ya ɗanɗani naman tun a hanya. Sauran duk sun tashi. Tunau ya yi jinyarsa a rugar Daso, yana ɗaure da zanen tsohuwar nan da na bari, kuma ni na riƙa ɗura masa maganin da hannuna, ba na rage ko ɗigo.

Da na tashi komawa gida, Daso ta jawo wani ɗan maraƙi ja daga garkenta, irin manyan nan, an riga an tsira masa ƙayar beguwa. Ta miƙa mini igiya ta ce, "Ga fatarka. Sai dai ka jira mai ita ya gama amfani da ita."

Na jawo shi har Kwarin Maje. A hanya ya ci rabin guzurina, ya kwana da kansa a cinyata, in na yi kiɗa ya riƙa kaɗa wutsiya daidai da bugu. Ya girma, tozonsa ya wuce katangar gidanmu, matan unguwa na shanya a ƙahonsa. Sau da yawa na wasa wuƙa na fito, sai ya dube ni ya lashi kunnena, in koma in ce sai baɗi. Yau ga ni da furfura, shi ma haƙoransa sun zube, dusa nake jiƙa masa.

Wancan gurnanin da kuke ji daga bayan gida, wanda ake ji har bayan duwatsu, shi ne, yunwa yake ji. Nan hikayata ta tsaya. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu. Ku tashi ku ba ni hanya in kai wa gangata abinci.